Yadda Ake Duba Lafiyar Kyanwa da Kare a Gida, Daga Hanci Zuwa Bindi

A gidanmu da ke wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura mun yi wata kyanwa mai rodi-rodi da ta shekara shida tana tsaron rumbun Baba. Ba wanda ya raɗa mata suna, Mage kawai ake ce mata, amma tun zuwanta ba mu ƙara jin motsin ɓera a cikin damin gero ba. Wata rana a lokacin kaka, Inna ta ce da ni, "Kai, yaushe rabonka da ganin Mage a bakin murhu?" Na yi shiru, na kasa tunawa. Da muka neme ta sai muka same ta a bayan randa ta dunƙule, gashi ya tashi, ko kai ba ta iya ɗagawa. Na kira wani malamin dabbobi a waya, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Kwana nawa ke nan ba ta ci abinci ba?" Mu goma sha ɗaya ne a gidan, ba wanda ya iya ba shi amsa. Washegari ta mutu.

Wannan tambaya ita ta sa na koyi abin da zan rubuta a nan. Dabba ba ta da bakin cewa nan ke mini ciwo, kyanwa ma ɓoye ciwonta take yi har sai ya ci ƙarfinta. Wanda bai san yadda dabbarsa take ranar da take lafiya ba, ba zai gane ranar da ta sauya ba. Mun san akuya da saniya ciki da waje saboda kuɗi ne, amma kare da kyanwa sai mu bar su da Allah. Alhali kuwa mun ji a wa'azi labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kuma cutar da ke jikinsu ba a jikinsu kaɗai take tsayawa ba, da 'ya'yanmu suke yini a tsakar gida.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa: ma'aunin zafin jiki mai lamba irin wanda ake sayarwa a kyamis, wanda za ka ware wa dabba ita kaɗai, man basilin, matsefata, tocila, sabulu, ledar sa wa hannu ko safar hannu ta roba, tsumma mai tsabta, da ƙaramin littafi da biro. Agogon wayarka ya isa lissafin sakan.

Kafin komai, sabar da dabbar da hannunka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kwikwiyon da aka saba ɗaga wa kunne da leɓe tun yana wata biyu ba zai yi gardama ba idan ya girma. Babban karen da bai saba ba kuwa, a bi shi a hankali, yau a shafa wuya, gobe a taɓa kunne, ana ba shi ɗan abin da yake so. Na san da yawa daga cikinmu ba ma son taɓa kare. Sa leda a hannu, ka wanke da sabulu bayan ka gama, shi ke nan. Idan kare yana cikin zafin ciwo, ko naka ne na shekara goma zai iya cizonka, don haka a yi masa takunkumi da tsumma: a zagaye bakin, a ɗaure a ƙarƙashin haɓa, a kai ƙarshen bayan kunnuwa. Amma kada a ɗaure bakin karen da ke amai ko yake haki. Kyanwa kuma a naɗe ta da tsohon zane, kai kaɗai a waje.

Mataki na farko: kallon safe

Wannan kullum ne, kuma bai kai minti biyu ba. Ba taɓawa, ido kawai. Lokacin da ka fito daga masallaci da asuba, ko ke da kike hura wutar koko, ki lura: ya taso ya tarye ki kamar yadda ya saba, ko yana kwance yana bin ki da ido? Tafiyarsa daidai take, ko da ɗingishi, ko ƙugu yana tangaɗi? Abincin daren jiya ya ƙare a kasko? Ruwan fa, ya ragu kamar kullum, ko bai taɓa ba, ko ya shanye har yana neman ƙari? Kare mai lafiya yakan sha kusan lita 1 a yini idan nauyinsa ya kai kilo 20, ya fi haka da bazara. Yawan shan ruwa da yawan fitsari ba tare da zafin gari ba, musamman ga tsohuwar dabba, alama ce ta ciwon ƙoda ko ciwon suga.

A ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki a gida. Abin da ya cuce mu ke nan game da Mage, kowa yana zaton wani ya ba ta. Babban kare zai iya ƙin abinci yini guda ya warware, amma idan ya kai kwana biyu a nemi dalili. Kwikwiyo da ɗan kyanwa ba sa jure ko yini guda. Kyanwa babba da ta yi kwana biyu ba ta ci ba tana cikin haɗari, domin hantarta ba ta jure yunwa yadda ta kare ke jurewa. Sannan a kula da wurin kwanciya: kyanwar da ta bar inda ta saba ta koma ƙarƙashin gado ko bayan buhuna, ta kuma daina lasar jikinta, ta gaya maka duk abin da za ta iya gaya maka.

Mataki na biyu: duban kai, sau ɗaya a mako

Zaɓi rana guda ka riƙe ta. Ni Juma'a da safe nake yi, kafin rana ta yi zafi, a wuri mai haske. Kullum daga hanci nake farawa in ƙare a bindi, don kada in tsallake wani wuri.

Hanci: kada ka ruɗu da zancen cewa busasshen hanci ciwo ne, mai laima kuma lafiya. Ba ma'auni ba ne. Abin dubawa shi ne majina mai kauri, ko jini. Ido ya zama garau, ba kwantsa mai ruwan ɗorawa ko kore, ba ja, kuma ba ya runtse ɗaya. A kusurwar idon da ke kusa da hanci akwai wata farar fata siririya. Idan ta fito ta rufe sashen idon kyanwa, jikin ba daidai yake ba. Kwikwiyon da ya haɗa kwantsa da majina da tari da zazzaɓi, daga baya wani sashen jikinsa ya fara motsi shi kaɗai kamar ana fizgarsa, wannan muguwar cutar karnuka ce mai yaɗuwa, a raba shi da sauran nan take.

Kunne: ɗaga ka leƙa da tocila, ka kuma shinshina. Wari, baƙin datti kamar garin gawayi, yawan kaɗa kai da susa, duk ciwo ne. Goge abin da idonka ya gani da tsumma, kada ka zura tsinke. Karnukanmu suna fama da ƙudaje masu cizon bakin kunne har ya zama gyambo; a wanke, a shafa basilin mai kauri, a kuma share kashin dabbobi daga inda yake kwana.

Yanzu baki, kuma a nan nake so ka fi daɗewa, don dasashi shi ne wurin da jini ke bayyana kansa. Ba sai ka buɗe bakin ba, ɗaga leɓen sama kawai. Dasashi mai lafiya ruwan hoda ne, da laima da santsi. Idan na dabbarka baƙi ne tun asali, ja fatar ido ta ƙasa ka duba cikinta. Danna dasashin da yatsa har ya yi fari, ka saki: ya kamata launin ya dawo kafin sakan 2. Fari fat yana nufin jini ya yi ƙasa, kuma a ƙauyukanmu abu uku ne suka fi jawo haka: tsutsar ciki mai shan jini, cutar da kaska ke sakawa, da gubar ɓera. Ruwan ɗorawa ciwon shawara ne, ko hanta ko jini na lalacewa. Shuɗi-shuɗi ko toka-toka, iska ba ta isa, wannan ba a kwana da shi. Idan yatsanka ya manne saboda bushewa, ruwan jiki ya ragu. Ka ɗauki hoton dasashin da waya ranar da dabbar ke lafiya, domin ido yana mantuwa, hoto ba ya yi.

Duba haƙora ma: karyayye, mai girgiɗi, ko ƙashi da ya maƙale a ganɗa tsakanin haƙoran sama, wanda yakan faru ga karen da ake jefa wa ƙashin kaza dafaffe. Babban kare haƙora 42 gare shi, kyanwa 30, kuma dukansu suna gama famfara wajen wata shida zuwa bakwai. Da wannan za ka iya kintatar shekarun wanda aka ba ka kyauta.

Mataki na uku: fata da gashi

Shafa daga ƙeya zuwa gindin bindi, sannan ka dawo kana tayar da gashin don ka ga fata. Yatsu sun fi ido gani a nan.

Kaska tana son cikin kunne, tsakanin yatsun ƙafa, hammata, wuya da ƙarƙashin bindi. Kama ta da matsefata dab da fata, ka ja a miƙe a hankali, ba murɗawa. Kada ka ɗiga mata kananzir ko ka kai mata wuta tana jikin dabba, kuma kada ka fasa ta da farce. Jefa ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir bayan ka cire. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne kaskar kare a tsagar bango da ramukan ƙasa take ɓuya ta yi ƙwai. Ka cire hamsin yau, jibi wasu sun hau, muddin ba a share makwancin an liƙe tsagogin ba. Karen da kaska ta yi wa yawa, sai ka ga ya yi sanyi, ga zazzaɓi, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, wani ma ya yi haɓo, wannan aikin allurar likita ne.

Ƙuma tana da sauri, ba lalle ka gan ta ba. Tsefe gashin gindin bindi a kan farar takarda mai laima. Idan baƙaƙen ɗigon da suka zubo suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jinin dabbarka ne a ciki. Ƙuma na iya shanye jinin ɗan kyanwa har ya mutu.

Da damina kuma akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a busasshiyar ƙasa mai inuwa inda aka yi fitsari ko kashi. Tsutsar na huda fatar wanda ya kwanta a wurin, ta girma a ciki. Za ka ji ƙullutu kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, galibi a ciki da ƙafafu da bindin kwiyakwiyi. Toshe ramin da basilin, jim kaɗan tsutsar za ta leƙo neman iska, sai ka matse daga gefe biyu ta fito ɗungurungum. Wanke da ruwan gishiri. Kada ka fasa ta a ciki. Wannan ƙudan yana yi wa yara ma, ta kayan da aka shanya a ƙasa.

Zubar gashi iri biyu ce da ya kamata ka bambance. Idan da susa mai tsanani, ɓawo a bakin kunne da gwiwar hannu, ƙazuwa ce. Idan zagaye ne kamar kwabo, da ɗan gari-gari, ba susa sosai, makero ne, kuma yana kama yara da ke rungumar kyanwa. Kowanne maganinsa daban. Ina roƙonka, kada ka shafa wa dabba baƙin mai. Na sha ganin karnuka an mulke su da shi; yana ƙona fata, suna lasa ya shiga ciki, ƙazuwar kuma tana nan.

Muzuru mai yawon dare yakan dawo da cizon ɗan'uwansa a kumatu ko gindin bindi. Ramin haƙorin ƙarami ne, yana rufewa da wuri, bayan kwana biyu zuwa huɗu sai wurin ya kumbura da mugunya. Ƙafa kuwa, buɗe tsakanin yatsu ka nemi ƙarangiya da tsidau da ƙaya, musamman ga karen da ke bin garke ko na farauta.

Kafin ka bar fata, yi gwaji biyu. Kama fatar da ke tsakanin kafaɗu ka ɗaga, ka saki: ta koma nan take idan ruwan jiki ya wadata, idan ta tsaya a tsaye ko ta koma a hankali, ruwa ya ƙare masa. Sannan shafa haƙarƙari: ya kamata ka ji su a ƙarƙashin hannu ba tare da ka danna ba, amma kada su fito a ƙirga su daga nesa. Kwikwiyo mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu ba ƙoshi ba ne, tsutsa ce. Sau ɗaya a wata ka auna nauyi. Kyanwa a sa ta a jaka a rataya a sikelin masu awo. Kare ka ɗauke shi ka hau sikeli, ka cire naka nauyin. Dabbar da ta rasa kashi ɗaya cikin goma na nauyinta ba tare da an rage mata abinci ba tana da abin da ke cin ta.

Mataki na huɗu: lambobi uku

Numfashi shi ne mafi sauƙi, kuma yana barci ake ƙirga shi. Kalli ƙirji, tashi da sauka ɗaya ke nan. Ƙirga na sakan 30 ka ninka biyu. Kare mai hutawa yana yin 10 zuwa 30 a minti, kyanwa 20 zuwa 30. Wanda ke barci a inuwa yana wuce 40 akai-akai, ƙirjinsa ko zuciyarsa na da matsala. Haki ga kare bayan gudu ko da rana ba komai ba ne, da shi yake fitar da zafi tun da ba ya gumi sai ta tafin ƙafa. Amma kyanwa ta buɗe baki tana numfashi, wannan babban abu ne.

Bugun zuciya: sa tafin hannu a ƙirjin hagu, daidai inda gwiwar ƙafar gaba ke taɓawa, ko yatsu biyu a cikin cinya ta sama. Ƙirga na sakan 15 ka ninka huɗu. Babban kare 60 zuwa 100 ne, ƙarami da kwikwiyo sun fi haka sauri, kyanwa kuwa 140 zuwa 220.

Zafin jiki mutum biyu ke aunawa, ɗaya ya riƙe kai. Shafa basilin a bakin ma'aunin, ɗaga bindi, zura a dubura kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya, ka riƙe har ya yi ƙara. Nasu ya fi namu: 38 zuwa 39.2 shi ne daidai. Ya wuce 39.5, zazzaɓi ne. Ya kai 41, ko ya sauka ƙasa da 37.5, a tashi a nemi likita. Ba sai kowane mako ake wannan ba, amma ka yi sau biyu ko uku yana lafiya don ka san nasa.

Mataki na biyar: abin da ya fita

Ba wanda ke son wannan, amma a nan rabin labarin yake. Kashi mai lafiya a dunƙule yake. Farare masu motsi kamar ƙwayar shinkafa a kai ko a gashin dubura, gutsattsarin tsutsa ce mai faɗi. Dogaye kamar taliya wata iri ce. Kashi baƙi ƙirin kamar kwalta jini ne daga tumbi ko farkon hanji. Ana ba kwikwiyo maganin tsutsa daga mako biyu da haihuwa, a maimaita duk mako biyu har ya kai wata biyu ko uku, sai duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku. A kwashe kashin daga tsakar gida a binne, don yara na rarrafe a wurin. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa da hannu, akwai cutar da ke iya taɓa abin da ke cikinta.

Kwikwiyo ɗan ƙasa da wata shida da ya ƙi abinci, ya kama amai, sai zawo mai jini mai ƙarni da ba za ka manta warinsa ba, wannan cutar fabo ce. Tana kashewa cikin kwana biyu zuwa uku ta hanyar ƙarar da ruwan jiki, ƙwayarta kuma tana zama a ƙasa wata da watanni. Abin da ke cetonsa ƙarin ruwa ne a asibiti. Kafin a isa, ana iya ɗiga masa ruwan gishiri da suga irin na leda da ake ba yara, cokali-cokali, idan ba ya dawo da shi. Rigakafinta allura ce daga mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan mako uku zuwa huɗu har sau uku.

Muzuru da ke tsugunawa yana yunƙuri yana kuka, fitsari ba ya fita ko sai ɗigo, mafitsararsa ta toshe. Mutane kan zaci kashi ne ya ƙi fita. Kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya kashe shi. Karya kuma, makonni kaɗan bayan ta gama neman namiji, idan ta yi sanyi, tana yawan shan ruwa, mugunya na fita ta gabanta, mahaifa ce ta ruɓe. Karya mai ciki tana haihuwa wajen kwana 63, ita da kyanwa duka. Ta yi minti 30 tana naƙuda mai ƙarfi ba abin da ya fito, a nemi taimako.

Duk abin da ka gani, rubuta shi da kwanan wata, ko da layi ɗaya ne: "Juma'a, ya ci, kaska 4 a kunnen dama, dasashi daidai." Ranar allura da ta maganin tsutsa su ma su shiga.

Kowane lokaci da abin da yake zuwa da shi

Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi kan wuce 40 a Kano da Jigawa. Karen da aka ɗaure da sarƙa a inuwar safe, kafin azahar inuwar ta gudu ta bar shi. Idan ka same shi yana haki ba tsayawa, miyau na dalala, dasashi ja wur, yana layi, kai shi inuwa, ka zuba masa ruwan randa a ciki da hammata da ƙafafu kana yi masa fifita. Ban da ƙanƙara. Da damina kaska da tsutsar fata da macizai. Kumburi farat ɗaya a fuska ko ƙafa bayan ya shiga ciyawa, ka zargi kububuwa ko kasa, kada ka tsaga, kada ka ɗaure. Lokacin feshin wake kuma a ɓoye robobin magani. Da kaka ake zuba shinkafar ɓera a rumbuna, kyanwa ta ci ɓeran da ya ci. Wani irin gubar ba ya nunawa sai bayan kwana uku zuwa biyar, da farin dasashi da zubar jini. Da hunturu ƙura na jawo atishawa da kwantsa, kyanwa kuma na shiga tokar murhu neman ɗumi ta ƙone tafin ƙafa.

Da Babbar Sallah, huhu ko hantar da aka ga ƙullutun ruwa a jiki, da kan tunkiyar da ta yi ciwon juwa, kada a jefa wa kare ɗanye. Daga nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke komawa ga tumaki da mutane. A binne da zurfi ko a ƙone.

Haukan kare

Duk abin da na faɗa game da taɓa baki, a nan ya tsaya. Idan halin dabba ya juye, mai faram-faram ya koma faɗa ko mai faɗa ya yi laushi ba dalili, muryar haushi ta sauya, yana cizon itace da ƙasa, miyau na zuba, haɓa ta saki kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kada ka kai hannu. Mutane da yawa sun kamu garin neman ƙashin da babu shi. A kulle shi daga nesa, a janye yara, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da yawa a ciki. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, babu magani. Amma kafin nan ana tare ta. Wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15, a duba agogo, ba kintace ba. Ba toka, ba barkono, ba gashin kare. Sannan a tafi asibiti a ranar a fara allurai, a kuma kammala su. Dabbar da ta yi cizon a tsare ta kwana 10 ana ba ta ci da sha ana lura. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Idan ta mutu ko an kashe ta, kada a farfasa kan, kada a feɗe, likitan dabbobi ne zai san yadda za a aika a gwada a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. A koya wa yara su faɗa ko da ƙaramin yakushi ne, kuma kada a doke su idan sun faɗa, don tsoron duka ke sa su ɓoye.

Rigakafin dabbar kuwa allura ce daga wata uku, a sabunta duk shekara, kare da kyanwa duka. A wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi gangamin allura a wurare da dama, ka riƙa tambaya. Allurar rigakafi sanyi take so. Wadda ta yini a faranti cikin rana a kasuwa ta riga ta mutu. A karɓa daga hannun ma'aikacin da ya fito da ita daga kula mai ƙanƙara, ya kuma ba ka shaidar takarda.

Abin da ba a ba su

Farasitamol yana kashe kyanwa, ko da rabin ƙwaya ne: fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Wata maƙwabciyarmu ta ba tata don tausayi, ta zo tana kuka tana cewa, "Yaya, wallahi taimakonta na yi niyya." Magungunan ciwon jiki na mutane suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Maganin kaska na shanu, da ma wasu na karnuka, guba ne ga kyanwa. Fiya-fiya ba ta wanka ba ce. Dabbar da ta taɓa ta za ka ga dalala, makyarkyata, zawo, ƙwayar ido ta tsuke. Idan a fata ne a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, kada a ɗura manja ko madara ga wanda ke jijjiga, zai shiga huhu. Allurar tsutsa ta shanu ma da nauyi ake auna ta, abin da zai yi wa ɗan maraƙi daidai ya isa ya kwantar da kwikwiyo. Albasa da tafarnuwa masu yawa na lalata musu jini. Kyanwa kuma mai cin nama ce, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. A haɗa mata da kifi ko ƙwai dafaffe ko guntun nama, madara kuwa takan sa manyansu zawo.

Idan tafiya ta kama

Tun yau ka nemi lambar ma'aikacin dabbobi mafi kusa da kai. Ana samunsu a sashen gona na ƙaramar hukuma da manyan kasuwannin dabbobi, irin su Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi. Mai sayar da magani daban, likita daban, ka tambaya ka tabbatar. Abin da ya fi ƙarfin na kusa, akwai asibitocin dabbobi a cikin birnin Kano da Dutse, da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Idan ka kira, fara da shekarunsa da nauyinsa, yaushe ya ci na ƙarshe, launin dasashi, zafin jiki, numfashi nawa a minti, da duk abin da aka riga aka ba shi, kada ka ɓoye. Ɗauki bidiyon tafiyar ko jijjigar ka tura ta WhatsApp. Idan guba kake zargi, tafi da kwalbar ko ledarta. Idan zawo ne, ɗebi kaɗan a leda. Kyanwa a sa ta a kwali mai huji ko kwando mai murfi a ɗaure da igiya, ba a buhun leda ba, ba kuma a hannu a kan babur ba, don ƙarar inji kaɗai ta isa ta sa ta tsalle. Kare a shimfiɗa masa buhu, mutum ɗaya ya riƙe shi, a tafi da sassafe ko bayan la'asar idan ciwon zai iya jira, da gorar ruwa da littafin nan a aljihu.